Iskar Gas da Tattalin Arzikin Abijan: Waiwaye Daga Unguwannin Ajame da Tireshbil

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci arzikin ƙasar Kwaddibuwa, abin da yake fara zuwa a zuciya shi ne koko da kofi. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙasar ita ce kan gaba a duniya wajen noman koko. Sai dai akwai wani ginshiƙi da ba a cika ambatawa ba, wato iskar gas. Tun daga shekarar 1995, wannan iska da ake haƙowa daga ƙarƙashin teku ta fara shiga injinan lantarkin ƙasar, har ta zama ita ce take samar da mafi yawan wutar da birnin Abijan yake sha. Haka kuma, gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukwane ya shiga gidaje da rumfunan masu abinci, ya rage wa gawayi da itace kasuwa.

Manufar wannan takarda ita ce bin tarihin wannan sauyi. An zaɓi unguwanni biyu, Ajame da Tireshbil (Adjamé da Treichville a rubutun Faransanci), saboda suna cikin tsofaffin matattarar baƙi a birnin, kuma Hausawa sun daɗe suna neman abinci a cikinsu. Takardar za ta kuma nuna yadda wata sabuwar hanyar haƙo gas da ta bunƙasa a Amurka ta taɓa rayuwar mai sayar da shayi a bakin tashar Ajame, duk da nisan da ke tsakaninsu.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Bahaushe yana kiran abubuwa biyu da suna ɗaya, wato "gas". Wajibi ne a rarrabe su tun daga farko, domin tarihin kowane daban ne.

Na farko shi ne iskar gas ta ƙasa, wadda mafi yawanta sinadarin metan ne. Tana fitowa daga rijiya, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci tare da ɗanyen mai. Ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa kimanin digiri 162 ƙasa da sifiri, saboda haka hanya mafi sauƙi ta ɗaukar ta ita ce bututu. Ita ake ƙonawa a tashoshin lantarki da manyan masana'antu.

Na biyu shi ne gas ɗin girki, wanda a ƙasashen renon Faransa ake kira butan. Ana samun sa a matatar mai, ko kuwa a tace shi daga iskar gas ta ƙasa. Shi da an ɗan matse shi sai ya zama ruwa, don haka ake iya ɗura shi a tukunyar ƙarfe a ɗora a kan amalanke ko babur a kai har ƙofar gida.

Kalma ta uku ita ce shel. Wani nau'in dutse ne da ya samu daga laka wadda ta kwanta a ƙasan ruwa shekaru aru-aru, ta daskare ta zama falle-falle. Akwai gas da mai a cikinsa, amma ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, ba sa barin komai ya gudana. Ke nan, wanda ya haƙa rijiya ya tarar da shi ba zai sami abin kirki ba sai ya farfasa dutsen.

3.0 Kafuwar Unguwannin Biyu da Zuwan Hausawa

Asalin mazauna wurin da Abijan take su ne ƙabilar Ebriye, masunta da ke zaune a bakin babban tafkin da ake kira da sunansu. Garin ya fara girma ne bayan da Faransawa suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga nan a farkon ƙarni na 20. Layin ya isa Buwake a 1912, ya isa Bobo Julaso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954. An raɗa masa suna layin Abijan zuwa Neja, amma bai taɓa isa ƙasar Nijar ba. A 1934 ne Abijan ta karɓi matsayin hedikwatar mulkin mallaka daga Binjabil.

Tsarin garin ya bi son ran masu mulki. Turawa suka zauna a kan tudun da ake kira Filato. Baƙar fata aka tura su gefe biyu: wasu arewa, bayan barikokin soja, wato Ajame, wasu kudu, a tsibirin da ke ƙetaren tafki, inda aka raɗa wa unguwar sunan wani Bafaranshe, Marcel Treich-Laplène. A 1931 aka haɗa tsibirin da Filato da gada mai yawo a kan ruwa, kafin a gina gadar Houphouët-Boigny a 1957. Babban abin da ya sauya garin shi ne mashigin Biridi, wanda aka gama haƙawa a 1950, ya haɗa tafkin da teku. A 1951 aka buɗe tashar jiragen ruwa. Daga nan Tireshbil ta zama unguwar 'yan dako da leburori da masu sana'ar hannu, Ajame kuma ta zama tashar motoci da babbar kasuwa, wato ƙofar da duk wanda ya fito daga arewa yake shigowa ta cikinta.

Hausawa ba baƙin wannan yanki ba ne. Fataken goro sun san hanyar Gwanja tun kafin zuwan Turawa, kuma lokacin da Bafaranshen nan Binger ya ratsa Kong da Bunduku a 1888, ya tarar da Hausawa a can, har da marina. Amma kwararowa zuwa Abijan kanta ta yi ƙarfi ne bayan buɗe tashar jiragen ruwa. Matasa daga Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suka riƙa zuwa cin rani. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Moi, un Noir, wanda ya fito a 1958, a cikin Tireshbil, kuma babban ɗan wasansa shi ne Umaru Ganda, ɗan Nijar da ya zo neman aiki a birnin, wanda daga baya ya zama fitaccen mai shirya fina-finai. Korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Gana a 1969 ta ƙara karkato da akalar 'yan ci-rani zuwa Kwaddibuwa. Mutanen Adar, a jihar Tawa, sun yi suna a wannan tafiya. A ƙidayar 1998, baƙi sun kai kashi 26 cikin 100 na mazauna ƙasar.

Sana'o'in da Hausawa suka riƙe sun bar alama a bakin mutanen gari. A Faransancin Abijan, "aboki" na nufin mai teburin kofi da shayi da burodi. Gasasshen nama irin balangu ana ce masa "cukuya". Akwai kuma "garba", wato aceke (rogo da aka turara, mai kama da dambu) da soyayyen kifin tuna. Labari biyu ake bayarwa game da sunan. Wasu sun ce daga 'yan Nijar da suka fara sayar da shi ne, domin da yawansu Garba ake kiran su. Wasu kuma suna danganta shi da Dicoh Garba, ministan da ya kula da harkar dabbobi da kifi a shekarun 1970. Ko ma wanne ne daidai, abin lura shi ne duk waɗannan sana'o'i uku da wuta ake yin su. Saboda haka, farashin makamashi ya shafe su kai tsaye.

4.0 Daga Ruwa Zuwa Gas

A shekarun farko na 'yancin kai, wanda aka samu a 1960, ƙasar ta dogara ne ga madatsun ruwa. An gina Ayame ta ɗaya a 1959, Ayame ta biyu a 1965, Kosu a 1972, Tabo a 1979, sannan Buyo a 1980. Wuta ta wadata, masana'antu suka cika yankin Biridi, aka shiga zamanin da ake yi wa kirari da "abin al'ajabin Kwaddibuwa". A ɓangaren mai kuwa, an kafa kamfanin matatar SIR a 1962, ta fara aiki a Biridi a 1965, kuma ta daɗe tana tace ɗanyen man da ake sayowa daga Nijeriya. A 1975 gwamnati ta kafa nata kamfanin mai, PETROCI.

Farin 1983 zuwa 1984, wanda ya halaka dabbobi a ƙasar Hausa, bai bar Kwaddibuwa ba. Ruwan madatsu ya ja baya ƙwarai, aka shiga ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa a Abijan. Cikin gaggawa kamfanin lantarki na gwamnati, EECI, ya sayo injina ya kafa a Biridi, waɗanda suke shan mai mai tsada. Wannan ya zo daidai da faɗuwar farashin koko da kofi a kasuwar duniya, har ta kai ƙasar ta dakatar da biyan bashin waje a 1987. Kamfanin EECI ya durƙushe da bashi. A 1990 aka miƙa rarraba wuta ga wani kamfani mai zaman kansa, CIE, wanda hedikwatarsa take Tireshbil.

Abin ban sha'awa shi ne, a duk wannan lokaci gas yana nan kwance a ƙarƙashin teku, an kuma san da shi. An gano mai a rijiyar Bélier a 1974, aka fara haƙo shi a 1980. Rijiyar Espoir ta yi aiki daga 1982 zuwa 1988. A 1981 kamfanin Phillips na Amurka ya gano tarin gas a wurin da aka kira Foxtrot, amma aka bar shi, domin a wancan zamani mai ake nema. Gas ba ya sayuwa sai da bututu, bututu kuma ba ya biyan kuɗinsa sai an sami babban mai saye wanda zai yi alkawarin saye na shekaru masu yawa.

Tashoshin lantarki su ne suka zama wannan mai saye. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da ya ninka kuɗin duk wani mai da ake shigowa da shi. A wannan shekara aka kafa kamfanin CIPREL, wanda ake lissafawa cikin kamfanonin farko masu zaman kansu da suka samar da lantarki a Afirka kudu da Sahara. Ya fara aiki a Biridi a 1995, shekarar da rijiyoyin Lion da Panthère suka fara turo gas zuwa gaɓa. A 1999 aka buɗe tashar Azito a yankin Yofugon, Foxtrot ma ta fara aiki bayan shekara 18 da gano ta, ta kuma daɗe tana ba da mafi yawan gas ɗin ƙasar.

Yadda tsarin yake aiki shi ne: ana ƙona gas, zafinsa ya juya farfelar injin, injin ya samar da wuta. Daga baya aka ƙara wata dabara, inda zafin hayaƙin da ke fita yake tafasa ruwa, tururin ya juya wani injin na biyu. Ta haka ake samun ƙarin wuta ba tare da ƙarin gas ba. Da wannan dabara ƙarfin Azito ya kai megawat 430 a 2015, CIPREL kuma ya kai 556 a 2016. Daga baya an ƙara faɗaɗa Azito ta haura megawat 700.

Sakamakon ya fito fili. Ƙasar da ta sha duhu a 1984 ta koma mai sayar wa maƙwabta wuta: Gana da Togo da Benin da Burkina Faso da Mali, daga bisani kuma Laberiya da Saliyo da Gini. Ko a lokacin da yaƙi ya raba ƙasar gida biyu daga 2002 zuwa 2007, tashoshin ba su tsaya ba, domin rijiyoyin suna cikin teku, injinan kuma suna Abijan.

A nan kwatanci da Nijeriya yana da amfani. Gas ɗin da Allah ya hore wa Nijeriya ya ninka na Kwaddibuwa nesa ba kusa ba. Amma tun bayan gano mai a Oloibiri a 1956, an shafe shekaru ana ƙona gas a banza a sararin sama, sannan daga 1999 aka fara sayar da shi ƙasashen waje daga tsibirin Boni. Aikin bututun da zai kai gas Kano daga Ajakuta ta Kaduna, mai tsawon kilomita 614, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi. Ita kuwa Kwaddibuwa, da yake nata bai kai na fitarwa ba, sai ta ƙona shi a gida. Ƙarancin da ake gani kamar rauni ne, shi ya tilasta mata yin amfani da abin ta hanyar da ta fi taɓa talaka.

5.0 Gas Ɗin Girki da Sana'o'in Bakin Titi

A farkon ƙarni na 20, dajin Kwaddibuwa ya kai kimanin hekta miliyan 16. Ƙididdigar 2021 ta nuna abin da ya rage bai cika miliyan 3 ba. Babban dalili shi ne sare daji domin noman koko, amma sarar katako da ƙona gawayi sun ba da nasu kason. Birni mai mutane sama da miliyan 5, kamar yadda ƙidayar 2021 ta nuna, idan kowane gida da gawayi zai yi girki, ba dajin da zai ɗauke shi.

Wannan ne ya sa a 1993 gwamnati ta fito da shirin yaɗa butan, ta hanyar sa tallafi a kan ƙananan tukwane. Biyu suka fi shahara: mai kilo 6, wadda ake ɗora murhu a kanta kai tsaye, da mai kilo 12 da rabi. A 2013 aka tsayar da farashin ɗura ƙaramar a kan sefa 2,000, wato jaka biyu a lissafin Hausawan Nijar, babbar kuma sefa 5,200, aka kuma daidaita farashin a duk faɗin ƙasar.

Ga mazauna Ajame da Tireshbil wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Yawancin gidajen haya a can irin mai tsakar gida ɗaya ne, inda iyalai da yawa suke girki a fili guda, hayaƙin kowa yana shiga ɗakin kowa. Tukunyar gas ta rage hayaƙi, ta kuma rage lokaci. Aboki mai shayi, wanda a da sai ya tashi da asuba ya hura gawayi ya yi ta fifita, yanzu ashana ɗaya ta ishe shi, kuma yana iya kashe wuta idan ba ciniki. Mai garba yana buƙatar mai ya yi zafi da sauri, ya kuma tsaya a zafi ɗaya, shi ya sa wasunsu suka koma gas, ko da yake wasu suna nan a kan itace. Mai cukuya kuwa bai rabu da itace da gawayi ba, domin hayaƙi yana cikin ɗanɗanon namansa. Wannan ya nuna cewa sabon makamashi ba ya korar tsoho baki ɗaya. Kowace sana'a tana auna abin da ya dace da ita.

Ita ma iskar gas ta ƙasa tana cikin kwanon garba, ko da mai ci bai gan ta ba. Abijan tana cikin manyan tashoshin kifin tuna a Afirka. Jiragen kamun kifi suna sauke mai kyau ga kamfanonin gwangwani, wanda bai cika sharaɗinsu ba kuma ya shiga kasuwar gari, inda masu garba suke saye. Kifi ba ya jira, sai da ɗakin sanyi, ɗakin sanyi kuma sai da lantarki. Haka abin yake ga tela da mai walda da mai niƙa da mai sayar da ruwan sanyi a titin Nangi Abroguwa. Duk ranar da injin Azito ya tsaya, su ne farkon masu asara.

Sai dai tallafi yana da nasa illoli. Da yake butan ya fi fetur araha, direbobin tasi da yawa, musamman a garuruwan cikin ƙasa irin Buwake da Yamusukuro, sun mayar da motocinsu masu shan gas ɗin girki, duk da cewa doka ta hana. Wani kuma ana tsallakawa da shi kan iyaka. Abu mafi muhimmanci shi ne, abin da matatar SIR da rijiyoyin gida suke samarwa kaɗan ne daga cikin bukata. Mafi yawan butan ɗin da ake ƙonawa a Abijan jirgin ruwa ne yake kawo shi. A nan ne labarin Amurka ya shigo.

6.0 Haƙar Dutsen Shel a Amurka

Dabarar farfasa dutse da ruwa tsohuwa ce, an fara gwada ta a jihar Kansas a 1947. Amma wanda ya nace sai ta yi aiki a kan shel shi ne George Mitchell, mai wani kamfanin gas a jihar Texas. Daga 1981 ya yi ta haƙa a shimfiɗar dutsen Barnett ba tare da riba mai yawa ba. Sai a wajajen 1997 da 1998 injiniyoyinsa suka gano cewa ruwa mai yawa da ɗan yashi da wasu sinadarai, idan aka tura su da ƙarfin gaske, suna tsattsaga dutsen, yashin ya maƙale a tsagar ya hana ta rufewa, gas ya sami hanya. A 2002 kamfanin Devon ya sayi kamfanin Mitchell, ya haɗa wannan dabara da haƙa ta kwance, wato rijiya ta nutsa a tsaye, sannan ta lanƙwasa ta bi shimfiɗar dutsen na tsawon kilomita ɗaya ko biyu ko fiye.

A shekarar 2000, abin da shel yake bayarwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na gas ɗin Amurka ba. A 2010 ya haura kashi 20, a 2023 kuma ya haura kashi 70. Farashin da ya kai kimanin dala 13 a kan ma'auni ɗaya a tsakiyar 2008 ya faɗo ƙasa da dala 2 a watan Afrilu na 2012. Wani abin lura shi ne yawan injinan haƙa. A 2008 akwai kimanin 1,600 masu neman gas, a 2024 kuwa ba su fi ɗari da 'yan kai ba, amma gas ɗin da ake samu ya kusa ninkawa. Dalili shi ne rijiyoyin sun ƙara tsawo, kuma ana haƙa da yawa daga fili ɗaya. Rijiyar shel tana da wata ɗabi'a: tana ba da yawa a shekarar farko, sannan ta ragu da sauri, don haka dole a yi ta haƙa sababbi. Akwai kuma koke-koke a kan yawan ruwan da take ci da gurɓatar muhalli, abin da ya sa Faransa ta haramta dabarar a 2011.

7.0 Yadda Abin Ya Taɓa Abijan

Gas ɗin Kwaddibuwa ba na shel ba ne, daga rijiyoyin teku yake fitowa. Duk da haka, abin da ya faru a Texas ya iso ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce butan. Gas ɗin shel yana zuwa tare da butan da danginsa masu yawa, fiye da abin da Amurkawa za su iya ƙonawa. Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da irin wannan gas, kuma ƙasashen Afirka, har da Kwaddibuwa, suna cikin masu saye. Ashe ke nan, tana yiwuwa wutar da ke ƙarƙashin butar aboki a Ajame daga gaɓar Texas ta taso. Yalwar kaya ta taimaka wa gwamnati ta riƙe farashin tukunya shekaru da dama. Amma kayan aro ba ya rufe katara: ana sayen butan da dala, a farashin duniya, kuma duk lokacin da ya tashi, kamar yadda ya faru a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, baitulmali ne yake cike giɓin.

Hanya ta biyu ita ce farashin ɗanyen mai. Dabarar da ta fito da gas ita ta fito da mai. Amurka, wadda take sayen kimanin ganga miliyan ɗaya a kullum daga Nijeriya a 2010, ba ta sayi ko ganga ɗaya ba a watan Yuli na 2014. Farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Manyan kamfanoni suka rage kashe kuɗi a kan neman sababbin rijiyoyi a teku mai zurfi, daidai lokacin da bukatar wuta a Abijan take ƙaruwa, tsofaffin rijiyoyi kuma suke tsufa.

Hanya ta uku ita ce daskararren gas na jirgin ruwa. A watan Fabrairu na 2016 jirgin farko ya tashi daga Sabine Pass a jihar Luwiziyana, a 2023 kuma Amurka ta zama ta ɗaya a duniya a wannan ciniki. Ganin arahar da aka samu, a 2016 gwamnatin Kwaddibuwa ta ba wani rukunin kamfanoni ƙarƙashin jagorancin Total izinin kafa tashar karɓar irin wannan gas a Biridi, da niyyar ta fara aiki a 2018. Lokacin ya wuce ba a gina ta ba. Shi ma bututun Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, wanda ya taso daga kusa da Legas, a Takoradi ta Gana ya tsaya. Saboda haka tashoshin lantarkin Abijan suka ci gaba da dogaro ga rijiyoyin gida kaɗai.

8.0 Rauni da Sabon Fata

Dogaro ga 'yan tashoshi kaɗan yana da haɗari. A farkon 2010, lalacewar inji ɗaya a Azito ta jefa ƙasar cikin ɗauke wuta na makonni, har aka yi hayar injinan kamfanin Aggreko. A 2021 abin ya sake faruwa, lokacin da ƙarancin ruwa a madatsu ya haɗu da matsalar inji. Ga kuma batun farashi. Ana biyan masu haƙo gas da masu tashoshi bisa yarjejeniyar da aka ƙulla, kuɗin kuma daga aljihun mai mita yake fitowa. Shirin da aka fara a 2014, na jawo wa gida wuta da kafin alkalami na sefa 1,000 kacal, a biya sauran sannu a hankali, ya shigo da talakawa da yawa. Amma a watan Yuli na 2016, tsadar takardar wuta ta haddasa tarzoma a Buwake da Yamusukuro da Dalowa.

An yi ƙoƙarin faɗaɗa hanyoyi. A 2017 aka buɗe madatsar Subre mai megawat 275. A ƙarshen 2018 kamfanin safa na birni, SOTRA, ya karɓi motoci 50 masu amfani da iskar gas. Babban labari kuwa ya zo a watan Satumba na 2021, lokacin da kamfanin Eni na Italiya ya sanar da gano rijiyar Baleine, wadda aka ƙiyasta tana ɗauke da ganga biliyan 2.5 na mai da gas mai tarin yawa. An fara haƙa a watan Agusta na 2023, kashi na biyu ya fara a Disambar 2024, kuma an tsara gas ɗinta ya tafi tashoshin lantarki na cikin gida. A watan Maris na 2024 kamfanin ya sanar da wata kuma, mai suna Calao.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, samun albarkatu a ƙarƙashin ƙasa bai isa ba. Foxtrot ta yi shekara 18 a rufe, har sai da fari da bashi da karyewar sefa suka sa aka gina mata kasuwa. Na biyu, ana auna amfanin gas ne da abin da ya yi a cikin gari, wato ɗakin sanyin kifi da keken tela da murhun mai shayi, fiye da kuɗin da ya shigo asusun gwamnati. Na uku, Abijan tana tsaye a kan gas iri biyu masu makoma daban. Na lantarki nata ne, kuma Baleine ta ƙara masa kwana. Na girki kuwa mafi yawansa na saye ne, farashinsa yana hannun kasuwar duniya da ƙarfin baitulmali. Idan tallafi ya gagara, mai ƙaramin ƙarfi zai koma gawayi, ragowar daji kuma shi zai biya.

Tarihin Hausawan Ajame da Tireshbil ya nuna mutane ne masu bin hanya duk inda ta buɗe: hanyar goro, hanyar jirgin ƙasa, sannan tashar jiragen ruwa. Bututun gas da tukunyar butan wata hanya ce a cikin wannan jeri. Ba su suka shimfiɗa ta ba, ba kuma su suke yanke farashinta ba, amma da ita suke samun abin da suke aikawa gida Tawa da Maraɗi da Sakkwato.